Jini A Fitsarin Magidanci: Ciwon Dajin Mafitsara Da Yadda Yake Ci

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ta Ikara da Maƙarfi da Kudan ya san tsargiya. Yaro ya yini yana iyo a kududdufi, ko kuwa yana taya ubansa ban ruwa a lambu, bayan 'yan watanni sai a ga ɗigon jini a ƙarshen fitsarinsa. Ba mai tsorata. Waɗansu tsofaffi ma sukan yi murmushi su ce yaro ya fara zama namiji, waɗansu kuma su ɗora wa zafin rana laifi. Da yaron ya girma sai jinin ya ragu, ko ya ɗauke sarai, a manta da zancen.

To, shekara ashirin ko talatin sun wuce. Yaron nan ya zama magidanci, yana da mata da 'ya'ya da gonar rake. Ran nan ya tsuguna sai ya ga jini kuma. Abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne, "Tsargiyata ce ta dawo." Wannan maganar ce nake so mu bincika tare, ya mai karatu, gama ta sa mutane da yawa sun yi watanni a gida alhali kuwa ciwon daji ne yake cin mafitsararsu, watau abin da waɗansu ke kira sankara ko kansa.

Kada kowa ya firgita tukuna. Ba duk jinin fitsari ne daji ba. Tsakuwa a ƙoda ko a mafitsara tana kawo shi, ƙwayoyin cuta suna kawo shi, kumburin gaban mafitsara da kan sami dattawa yana kawo shi. Akwai ma wani daga cikin magungunan tarin fuka da kan mai da fitsari ja, ba kuwa jini ba ne. Yawancin waɗanda suka yi tsargiya da ƙuruciya kuma ba su taɓa yin daji ba har su tsufa. Amma ba mai iya rarrabe wannan da wancan da ido a bayan ɗaki. Sai an duba.

Daga Tsargiya Zuwa Daji

Tsutsa ce take kawo tsargiya. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganinta a birnin Alƙahira ta ƙasar Masar a shekarar 1851. 'Ya'yanta sukan girma a cikin ƙananan katantanwa na ruwan da ba ya gudu ƙwarai, su fito cikin ruwa, su huda fatar wanda ya shiga. Ba sai mutum ya sha ruwan ba, tsayawa a ciki ma ya isa. A cikin jiki sukan zauna a jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara, mace da namiji a manne, su shekara da shekaru suna zuba ƙwai. Kowane ƙwai yana da ɗan tsini kamar ƙaya. Waɗansu sukan huda su faɗa cikin fitsari, shi ne jinin da ake gani. Sauran kuwa sukan maƙale a bangon mafitsara, su mutu a can, su taurare.

Waɗannan da suka maƙale su ne abin damuwa. Jiki ba ya daina faɗa da su. Wurin ya yi rauni ya warke, ya sake rauni ya sake warkewa, shekara da shekaru. A hankali shimfiɗar cikin mafitsara, wadda asalinta mai laushi ce kamar cikin kumatu, sai ta rikiɗe ta yi kaushi kamar fatar waje. A irin wannan wuri ne daji yake samun gindin zama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tun shekarar 1911 wani likita mai suna Ferguson, wanda yake aiki a Alƙahira, ya lura cewa masu dajin mafitsara a Masar da yawa suna da ƙwan tsutsar nan a jikinsu. A shekarar 1994 hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa tsutsar tsargiya a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji ga ɗan adam.

Mu ma nan kusa an yi bincike. A shekarun 1970 waɗansu masana sun zauna a ƙasar Malumfashi, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kaduna kafin a yanke Jihar Katsina a 1987, suka auna fitsarin mutanen ƙauyuka, suka kuma lura da masu shiga madatsar Ruwan Sanyi. Suka tarar samari da yara maza ne cutar ta fi kamawa, domin su suka fi shiga ruwa. Daga baya likitocin Kano a 2003, da na Sakkwato a 2007, suka buga abin da suka gani a naman dajin mafitsara da aka kawo musu awo. A wuraren nan biyu fiye da rabi irin wanda tsargiya kan haddasa ne, wanda likitoci ke kira sikwamas. A Turai da Amurka kuwa irin wannan kaɗan ne. Kusan 9 cikin 10 nasu wani iri ne dabam, wanda ya fi tafiya da shan taba da tsufa.

Akwai bambanci babba a nan. A ƙasashen Turawa yawanci tsoho ne ɗan shekara 65 ko 70 yake yin wannan ciwo. Irin na tsargiya kuwa yakan kama mutum tun yana ɗan 40 ko 50, lokacin da gida duka yake kansa, 'ya'ya suna makaranta, ga tsofaffin iyaye.

Kada matanmu su ce ba ruwansu. Gaskiya ce a duniya maza sun fi mata yin ciwon nan har wajen ninki huɗu. Amma a gidajenmu na Kirista a karkara mata ba su cikin kulle. Su ke wanki a rafi, su ke ɗebo ruwa, da yawansu kuma suna shiga fadama dashen albasa da tumatir. Ga shi kuma mace takan ɗauki jinin fitsari a kan na al'ada, ko ciwon sanyi, shi ya sa sau da yawa ba a gane nata sai ya yi nisa. Macen da ta riga ta daina al'ada, in ta ga jini ko ta ina ya fito, ta je a duba ta.

Taba ma sai an ambace ta. Dafinta yakan bi jini, ƙoda ta tace shi, ya taru a mafitsara ya kwana. Mai shan taba ya fi wanda ba ya sha haɗari wajen ninki uku, a ƙasashen Turawa kuwa kusan rabin masu ciwon taba ce sanadinsu. Wanda ya yi tsargiya yana yaro, ya kama sigari da ya girma, ya haɗa wa mafitsararsa wuta biyu.

Yadda Yake Cin Bango

Mafitsara jaka ce a cikin mara, tana ɗaukar kusan rabin lita, watau kamar ledar ruwan sha guda. Bangonta hawa-hawa ne. Daga ciki akwai shimfiɗa siririya. Bayanta akwai tsoka mai kauri, ita ce take matsewa fitsari ya fita. Bayan tsoka akwai kitse. Bayan kitse kuwa sai maƙwabta: dubura da gaban mafitsara ga namiji, mahaifa da farji ga mace, sa'an nan ƙashin ƙugu.

Daji a shimfiɗar ciki yake farawa, ya yi ta nutsawa waje. Wanda ya taɓa fama da gara a ɗakin ƙasa zai gane wannan da sauƙi. In gara tana kan yaɓe, a kankare ta a sake yaɓe, an gama. In ta shiga jikin tubali, sai dai a rushe bangon. In kuwa ta hau azara ta tsallaka ɗaki na biyu da na uku, rushe bango ɗaya ba zai raba gidan da ita ba. Haka likita yake tunani. Tambayarsa ta fari ita ce, ciwon ya taɓa tsoka ko bai taɓa ba? Dukan abin da zai biyo baya, irin magani da kuɗinsa da begen warkewa, a kan amsar nan yake rataye.

Banda nutsawa cikin bango, yana da hanya biyu na tafiya nesa. Ta fari ita ce ta kaluluwa, waɗannan 'yan ƙwayoyi da kan kumbura a hammata ko a matsematsi in mutum ya ji ciwo. Akwai irinsu da yawa a can cikin ƙugu inda hannu ba ya kaiwa, nan ne zangon farko. Ta biyu ita ce ta jini, wadda kan kai shi huhu, da hanta, da ƙashi, musamman ƙashin baya da na ƙugu. In ya sauka a ƙashi sai ciwon baya mai hana barci wanda ba ya jin shafa ko tausa. A huhu sai tari da haki, wani lokaci har da jini. A hanta sai ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, mu kuwa mu ce shawara ce.

Irin na tsargiya yana da wani hali nasa. Ba ya saurin tafiya nesa kamar ɗan'uwansa na taba. Ya fi zama a wurinsa ya yi ta girma, ya cika mafitsara, ya manne da maƙwabta. Wannan yana da amfani ga wanda ya zo da wuri, gama in an cire mafitsarar ana iya cire shi duka. Amma ba ya jin maganin daji da ake ɗurawa a jijiya, ko gashin na'ura, kamar yadda wancan yake ji. Saboda haka in lokacin fiɗa ya wuce, abin da ya rage a hannun likita kaɗan ne.

Wahalolin Da Yake Jawowa

Ta fari ita ce jinin kansa. Na tsargiya yakan zo a ƙarshe, ɗigo biyu ko uku. Na daji yakan gauraye da fitsarin duka daga fari har ƙarshe, wani lokaci ja wur, wani lokaci kamar ruwan shayi, sau da yawa ba zafi ko kaɗan. Yana kuma da yaudara: ya zo kwana uku, ya ɗauke wata biyu. Duk abin da mutum ya sha a tsakanin nan, ko saƙe-saƙi ne ko kafso daga kemis, shi zai sami yabo. Ciwon kuwa yana nan yana aikinsa. In ya yi nisa, ban da jini akan ga waɗansu fararen abubuwa kamar tsokar nama suna fita, fitsari yana wari, mutum yana zagawa sau goma cikin dare, mara tana zafi. Fararen abubuwan nan ruɓaɓɓen naman ciwon ne yake ɓantarowa.

Jinin yakan daskare a ciki ya zama gudaji, ya toshe hanya. Mutum yana jin fitsari kamar mara za ta fashe amma ko ɗigo ba ya fita. Wannan ba abin jiran gari ya waye ba ne. A nemi mota ko babur a kai shi asibiti mafi kusa, ko Ikara, ko Maƙarfi, ko Hunƙuyi, a sa masa robar fitsari a wanke gudajin. Zubar jini na watanni kuma yakan bar mutum fari fat, tafin hannu da cikin ido ba ja, in ya ɗan yi tafiya sai haki da jiri. Irin wannan sai an yi masa ƙarin jini kafin likita ya yarda ya taɓa shi da wuƙa.

Wadda ta fi duka haɗari kuwa ba a ganinta, ita ce ta ƙoda. Kowace ƙoda tana da siririn bututu da ke saukar da fitsari zuwa gindin mafitsara. Tsargiya da kanta takan ƙuntata bakin bututun nan tun da daɗewa, daji kuma ya zo ya danne shi. Fitsari ya rasa hanya, ya koma baya, ƙoda ta kumbura da ruwa tana lalacewa a hankali. In guda ce ta toshe, ɗayar takan ɗauki aikin, mutum bai ma sani ba. In duka biyu ne, sai dattin da ya kamata ya fita ya taru a jini. Alamunsa su ne fitsari ya ragu, fuska da ƙafa su kumbura, ƙaiƙayi, amai, shaƙuwa wadda ba ta tsayawa, yawan barci, daga baya mutum ya fara sambatu. Da yawa daga cikin waɗanda ciwon nan ya ɗauke, ta nan ya ɗauke su, tun bai kai huhu ko hanta ba. Likita yana iya huda baya ya sa roba a cikin ƙodar fitsari ya fita ta nan, ko a yi wankin ƙoda, domin a sami lokacin yin sauran aiki. A nan sai in ja kunnen masu sayen maganin ciwon jiki barkatai. Waɗansu daga cikin ƙwayoyin nan da manoma ke sha bayan aiki suna ƙara zubar jini, suna kuma ƙarasa ƙodar da ta riga ta raunana. Haka nan jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba.

Akwai kuma yoyo. In ciwon ya huda zuwa farji, fitsari ya riƙa zuba dare da rana. Wannan ba irin yoyon fitsarin haihuwa ba ne, wanda ake ɗinkewa a Asibitin Gambo Sawaba a Zariya ko a Evangel a Jos, gama naman daji ba ya riƙe ɗinki. In ta baya ya huda, sai iska ko najasa ta riƙa biyo fitsari. Ƙafa ɗaya kuma takan kumbura tun daga cinya in kaluluwar ƙugu ta toshe, ko jini ya daskare a jijiya. Sai zazzaɓi a kai a kai, da rama, da ƙin abinci.

"Likita, Zai Tashi?"

Ba likitan da zai iya faɗa wa mutum ranarsa. Abin da suke da shi lissafi ne: cikin mutum 100 da aka sami ciwonsu a mataki kaza, nawa ne suke da rai bayan shekara 5. Ba wai a shekara ta shida za su mutu ba; wanda ya kai nan ciwon bai dawo ba, yawanci ya tsira ke nan.

Ga abin da lissafin Amurka ya nuna. In ciwon yana kan shimfiɗar ciki kaɗai, wajen 96 cikin 100 suna nan bayan shekara 5. In ya nutsa amma bai fita daga mafitsara ba, wajen 70. In ya kai maƙwabta ko kaluluwar ƙugu, wajen 40. In ya kai huhu ko hanta ko ƙashi, ba su kai 10 ba. Mai karatu ya sake duban lambobin nan: 96, 70, 40, ƙasa da 10. Ciwo ɗaya ne, mutum ɗaya ne, bambancin kawai ranar da ya isa gaban likita.

A can, wajen mutum 3 cikin 4 ana gano nasu tun bai taɓa tsoka ba. A asibitocinmu na Arewa abin a juye yake, mafi yawa sai ya wuce tsoka suke zuwa, da yawa kuma ya wuce aiki. A duniya duka, a shekarar 2022 an ƙiyasta sababbin masu ciwon sun haura 600,000, waɗanda suka mutu da shi kuwa wajen 220,000.

Lissafin da ya fi kama da namu shi ne na Masar. A birnin Mansura akwai babban asibitin ƙoda da mafitsara inda wani likita, Muhammad Ghoneim, da abokan aikinsa suka yi shekaru suna cire mafitsarar manoman bakin Kogin Nilu. A 1997 suka ba da labarin mutum fiye da 1,000 da suka yi wa aikin, yawancinsu masu irin na tsargiya. Kusan rabinsu sun kai shekara 5. Waɗanda ciwonsu bai fita daga bango ba, bai kuma taɓa kaluluwa ba, su suka fi tsira nesa ba kusa ba. Rabi ba duka ba ne, amma rabi ba abin rainawa ba ne ga gidan da aka ce musu daji ba shi da magani.

A Asibiti

Awon fitsari da madubin likita yana nuna ƙwan tsargiya, hoton ciki kuma yana nuna tsiro a mafitsara da kumburin ƙoda. Ana samun waɗannan a ƙananan asibitoci. Amma a lura: ganin ƙwai a fitsarin babban mutum bai isa a ce an gama bincike ba, gama tsargiya da daji sukan zauna tare. In an sha maganin tsargiya jinin bai ɗauke ba cikin 'yan makonni, ko ya ɗauke ya dawo, a roƙi takardar zuwa babban asibiti. Mafi kusa da mu shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a hanyar Zariya zuwa Funtuwa. Akwai kuma na Malam Aminu Kano a Kano.

A can za a zura wani siririn bututu mai fitila ta hanyar fitsari a leƙa cikin mafitsara, a tsinko nama kaɗan a kai awo. Na san magidanta da yawa nan ne sukan ja da baya don kunya, musamman in likitan yaro ne sa'ar ɗansu, ko kuwa mace ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akan ba da maganin kashe zafi, aikin kuma ba ya daɗewa.

In ciwon bai taɓa tsoka ba, da irin bututun nan ake kankare shi, ba a tsaga ciki. Ga mai irin na taba akan bi da ɗura magani a cikin mafitsarar. Abin mamaki, ɗaya daga cikin magungunan shi ne BCG, allurar rigakafin tarin fuka da ake yi wa jarirai a dantse. Wani likita a ƙasar Kanada ne ya nuna amfaninta ga mafitsara a 1976. Sai dai irin wannan ciwo kamar ƙiriƙiri yake a gona, fiye da rabi yakan sake tohowa. Don haka akan ce a dawo a sake leƙawa bayan wata 3, sa'an nan lokaci lokaci har shekaru. Wanda ya ji sauƙi ya ajiye katinsa a ƙarƙashin katifa, wata rana zai koma da ciwon da ya riga ya shiga tsoka.

In ya shiga tsoka, sai a cire mafitsarar ɗungum tare da kaluluwar da ke kewaye. Ga namiji har da gaban mafitsara, ga mace sau da yawa har da mahaifa. Fitsari kuma a sake masa hanya: ko a yanki ɗan hanji a fito da bakinsa ta gefen ciki ya riƙa zuba a jaka, ko a juya shi ya bi ta dubura, ko a ɗinka sabuwar mafitsara da hanji. Babban aiki ne. Yakan taɓa ƙarfin namiji, ya kamata kuwa a faɗa wa miji da mata wannan tare tun kafin a shiga. Amma mai jaka yana zuwa gona, yana zuwa kasuwa, yana zama a sujada, ba mai sanin abin da ke ƙarƙashin rigarsa sai ya faɗa.

Watannin da ake asara, a ganina, a wuri uku suke tafiya: kemis, da mai maganin gargajiya, da neman wanda ya yi jifa. Na ukun nan ya fi ba ni baƙin ciki. An bar tsutsa da katantanwa, an kama ƙanin uba ko matar wa da zargin sammu, gida ya rabu, majinyaci kuwa yana kwance. Waɗansu kuma sukan ce zuwa asibiti rashin bangaskiya ne. Ban ga inda addu'a ta hana mutum shiga motar Shika ba. A yi ta a gida, a yi ta a hanya, a yi ta a bakin ɗakin fiɗa.

Zancen kuɗi kuwa ba a kauce masa. Kafin a sayar da shanun huɗa ko a jinginar da gona, babban gida ya zauna da likita ya tambaye shi a fili: aikin nan don a warke ne, ko don a sami sauƙi ne kawai? Likitan kirki zai faɗi gaskiya. In don warkewa ne, a yi ƙoƙari iyakar iko, ekklesiya ma ta sa hannu. Matasanmu suna iya ba da jini, gama wannan ya fi kuɗi wuyar samu. In kuwa ya wuce, bai kyautu a bar gwauruwa da marayu ba gona saboda yawo daga wannan asibiti zuwa wancan. Ina kuma ganin bai dace a ɓoye wa magidanci halin da yake ciki ba, kamar yadda muka saba roƙon likita ya yi. Yana da bashi da zai faɗa, da iyakar gona da zai nuna, da wanda zai nemi gafara a wurinsa.

Ko an ce ba za a warke ba, jiyya ba ta ƙare ba. Akwai maganin zafi mai ƙarfi da ake kira mofin, wanda likita ke rubutawa a sha a kan lokaci, ba sai zafin ya taso ba. Ba laifi ba ne, ba kuwa shaye-shaye ba ne. A shimfiɗa leda a ƙarƙashin zane, a riƙa juya majinyaci kada bayansa ya yi gyambo, a wanke fatar da fitsari ke taɓawa a shafa mai. Daji ba ya tsallakawa daga mutum zuwa mutum, don haka ba dalilin ware masa kwano ko hana jikoki shiga wurinsa. Warin ɗakin ne kan kori masu gaisuwa. 'Yan Zumuntar Mata da suka iya raba kwanakin wanki da girki a tsakaninsu, sun san matar majinyacin ita ma tana bukatar wanda zai karɓe ta ta ɗan runtsa.

Yaranmu Da Ruwa

Maganin tsargiya yana nan, sunansa firazikwantel, an samo shi a Jamus a shekarun 1970. Ana sha a rana ɗaya, gwargwadon nauyi ko tsawon yaro, bayan an ci abinci. Yana kashe tsutsar, raunin mafitsarar yaro kuma yakan warke in bai daɗe ba. Ba ya warkar da daji, ba ya kuma hana a sake kamuwa in an koma ruwan, shi ya sa ake maimaitawa. A Masar, bayan da aka yi shekaru ana raba magani ƙauye ƙauye, likitocinsu sun ga irin dajin tsargiya ya ragu ƙwarai a asibitocinsu.

Mu malaman makaranta mun san yadda akan yi ranar da ma'aikatan lafiya suka kawo ƙwayoyin kyauta. Waɗansu iyaye sukan hana 'ya'yansu zuwa saboda jita-jita, waɗansu yara kuma su zo ba su karya kumallo ba, maganin ya juya musu ciki, gobe labari ya bazu cewa ƙwayar ba ta da kyau. A ba yaro koko ko ɗumame kafin ya fito. Yaran da ba su makaranta, masu kiwo da masu taya aikin lambu, su suka fi shiga ruwa, su kuma aka fi mantawa da su. Manya masu noman rani ma su nemi nasu a asibiti.

A hana yara fitsari a rafi da kududdufi, gama ta nan ƙwai ke komawa ga katantanwa. 'Ya'yan tsutsar sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da yara suka fi son iyo. Mai ban ruwa ya sa takalmin roba in da hali. Ruwan rafi da za a yi wanka da shi kuwa, in an ɗebo an ajiye a randa kwana biyu, 'ya'yan tsutsar da ke ciki sun mutu.